Kafar Allura

Tun daga Ƙofar Sauri na ji yana ja mani rai,
kamar akuyar da ta gane hanyar kasuwa.
Na murɗa, ya yi gurnani, tafiyar kuwa ta hawainiya.
Na zargi man bumburutun da na sha a hanyar Mani,
na zargi fulogi,
na zargi tsufa, nashi da nawa.

A gindin bedi na tsaya,
na kai yatsa kan farantin birkin gaba.
Tandar mai waina ba ta fi shi zafi ba.
Da yatsa a baki na tura shi har garejin Rabe.

Rabe bai bar rogon da yake ci ba.
Ya ce, Mannir, sa mashi bulo a ƙarƙashi.
Ya wulwula tayar da hannun hagu,
ta yi rabin zagaye, ta ce ƙiii, ta noƙe.

Yaushe rabonka da canza man birki?
Na ce, dama ana canza shi?
Mannir ya sunkuyar da kai, kafaɗunshi na rawa.

Aka fara bin sawu.
Ya kafa alli a gefen faranti, ya juya:
layi ya fito sambal, babu lanƙwasa.
Ya girgiza taya hagu da dama, boris lafiya lau.
Ya kwance kalifa da sufana sha biyu,
ƙusoshinta biyu sun yi ja kamar haƙoran mai goro.
Samfefa, kananzir, giris.
Fistin ya leƙo da zoben dauɗa a wuya,
Mannir ya cuɗa shi da tsohon buroshin haƙori
har ya ga fuskarshi a ciki.

Aka mayar, aka ɗaure.
Rabe ya matsa hannun birki sau uku, ya saki.
Taya ta ce ƙiii.

Aka kira la'asar, muka je muka dawo,
babur na nan bisa bulo, kai a sama,
kamar mai jiran a ba shi haƙuri.

Rabe ya tsuguna, ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya sassauta ɗan notin fitar da mai.
Tsut! Wani abu ya feso, baƙi kamar wankin allo,
taya kuwa ta saki jiki, ta yi ta juyi ita kaɗai.
Ya ce, ashe ciwon ba a ƙafa yake ba, yana ka.

Ya buɗe ƴar kwalbar da ke kan kambu.
A ƙasanta ramuka biyu ne.
Ɗaya na gani.
Ɗayan sai da ya haska mani fitilar waya:
bai fi kafar allura ba, datti ya liƙe shi.
Ya zare sili ɗaya daga tsohuwar wayar kuloci,
ya tsokana a hankali, kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro.
Kumfa ɗaya ta taso, ta fashe.

Ya ce, man yana zuwa, hanyar komawa ce ta toshe.
Kamawa ai kowa ya iya.
Ya zuba sabon mai, ya nemi sauran rogonshi.

Babur ɗin na Baba ne.
Ran rabon gado ya faɗo a kasona,
Sada ya faɗi wata kalma, ni ma na faɗi tawa.
Damina goma sha ɗaya ke nan
ban taka Rafukka ba,
ko suna, ko gaisuwar mutuwa, sai dai in aika.

Na biya Rabe, na ba Mannir na shayi.
Na hau.
Ko mai ban murɗa sosai ba, yake ta sulalawa,
har iska na shiga hannun rigata.

A kwanar Rafukka
yatsuna biyu suka kai kan birki da kansu.
Ya kama.
Na saki, ya saki.

Na tsaya gaban mai rake, inji na rawa a ƙarƙashina.
Na ce ya fere mani kara biyu,
ya zaɓo masu kauri.
Ni haƙorana sun daɗe da barin rake.