Dare Huɗu a Valparaiso

Allon bai fi tafin hannun yaro ba,
kore shar, da haƙoran tagulla arba'in a gefe.
Na kwantar da shi kan bencin Baba Evaristo,
inda rediyoyin unguwa suka shekara talatin suna zuwa jinya.

Daren farko na ɗura masa manhaja
a kati ƙanƙane kamar farce.
Jar fitila ta ƙifta sau biyu.
Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Dare na biyu ya buɗe baki,
sai dai tarkacen haruffa yake zubarwa,
ba kai, ba gindi.
Ashe shi gudu yake, ni kunnena na tafiyar hawainiya.
Na gyara lamba ɗaya tak, sai ga jimla:
yana ƙirga ƙwaƙwalwarsa,
yana kiran gaɓoɓinsa da sunayensu.
A layi na ɗari biyu da sha ɗaya
ya sume.
Ya farfaɗo, ya sake daga farko,
ya sake sumewa nan dai.

Ƙanwata Ximena ta ajiye shayi, ta ce,
"Kai da ka zuba masa abin kyauta,
wa za ka kai wa ƙara?"
Can ƙasan tudu jirgin ruwa ya yi kuka.

Dare na uku na shiga cikin rubutun kanta,
tunda ba ƙofa, balle kwaɗo.
Mutum dubu sun yi gini a nan
ba su taɓa haɗa ido ba.
A wani lungu, wata mai suna Tuulikki
ta bar layi biyu, shekara tara baya:
a nan yake jan wuta da yawa,
duba igiyarka kafin ka zage ni.

Na riga na zage ta.

Igiyar, ta cajar tsohuwar waya ce,
siririya, jijiyarta ta gaji.
Na jawo akwatin Baba,
na yanko waya mai kauri,
na narka dalma, warinta ya cika ɗakin da shi.

Ɗari biyu da sha ɗaya.
Sha biyu.
Sha uku.
Layuka na gangarowa kamar matakalan unguwarmu.

Sai baƙin allo,
da ɗan farin ɗigo yana numfashi,
yana tambayar sunana.

Ban amsa ba tukuna.
Na koma lungun Tuulikki,
ƙarƙashin layinta na ƙara nawa:
gaskiyarta ce. Igiyar ce.