Giwa Ba Ta Kwana a Akurki

Ɗakinmu na Hull taku bakwai ne,
da ƙafata na auna ranar da muka tare.
Gado biyu, labule a tsakani, teburin guga,
sai tagar da ke kallon bayan shagon kifi.
A nan Raliya ta ce,
"Baba, so nake in zana gini ya juya,
in ga ƙeyarsa, in shiga ta ƙofa.
Kwamfutar makaranta haki take yi
kamar tsoho a kan tudu."

Na ce to.
To ba ta da nauyi a baki,
sai an kai ta kasuwa.

Sati uku, in na ajiye bas ƙarfe biyun dare,
sai in koma kujerar baya da waya a hannu,
ina karanta lambobin da ban san danginsu ba.
Wannan ya ce wancan, wancan ya ce wannan,
kowa na rantsuwa da abin da ya riga ya saya.

Ranar Laraba na shiga shagon Marek.
Ya ɗauko katin hoto, tsawonsa kamu guda,
fanka uku a jere,
kuɗinsa rabin hayar wata.
Na ciro akwatin da na tanada daga leda,
bai fi burodin yanka biyu ba.
Ya dubi kati, ya dubi akwati, ya dube ni.
Ban san yadda ake cewa da Turanci
giwa ba ta kwana a akurki ba,
amma dariyarsa ta faɗa.

Sai ya buɗe tafin hannu:
ƙarfe ɗan mitsitsi, kamar kan sarki.
Ya ce a cikin wannan furosesa
mai lissafi da mai zane ɗaki ɗaya suka kama.
Akwai wani da ya fi shi ƙarfin lissafi,
sai dai mai zanensa malalaci ne.
Wannan kuwa, lissafi daidai gwargwado,
amma hannun zanen, a bar shi.

Na tambayi wuta, don mitarmu
tana cin abincinta kafin mu ci namu.
Na tambayi ƙara, don ni da rana nake barci.
Ya ce ƙwan fitilar da ya fi shi ci.
Abu ɗaya: akushinsu guda ne su biyun,
kada ka yi rowar ram,
sanda biyu, masu sauri,
in ba haka ba hannu zai riƙa jiran hannu.
Wannan na gane.
Mu tara ne a gidanmu.

Asabar muka shimfiɗa tawul a teburin guga.
Yatsuna sun saba da sitiyari,
nata ne suka sa shi a gurbinsa,
kusurwa ga kusurwa, ba ko numfashi.
Man sanyaya ɗigo ɗaya, kamar ƙwayar wake.
Wani ɗan noti ya gudu ƙarƙashin gado,
har yau yana can.

Muka danna.
Duhu.
Fam ɗari huɗu da sittin suka taso min a wuya.
Ta leƙa, ta matsa sanda guda
har ya ce ƙas,
allo ya buɗe ido.

Yanzu in na dawo da asuba
ɗan akwatin na gefen butar shayi,
ɗumi kaɗan, shiru kamar mage.
Jiya ta kira ni in ga aikin farko.
Na zaci bene zan gani.
Ɗakinmu ne, har da tsagewar bango,
yana juyawa sumul, ba tuntuɓe.
Na ƙirga da ido.
Na sake ƙirgawa.

Ta ƙara masa taku biyu,
ta mayar da tagar wajen kogi.