Fitila Ta Huɗu

A Kainuu, cikin Disamba,
rana baƙuwa ce mai gaggawa.
Ta leƙo da hantsi, ta gaisa a tsaye,
kafin shayi ya huce ta yi sallama.
Saura duk dare ne, kuma a cikinsa ake aiki.

Babana Oiva, shekara saba'in da huɗu,
yana da 'yar tarakta ja,
fitilunta biyu sun dushe
kamar idon wanda ya kwana zaune.
Da ita yake ture dusar ƙanƙara
daga ƙofarmu har ƙofar tsohuwa Vieno,
wadda motar asibiti ke ɗauka duk Talata.

Makon jiya ya dawo da guntun shingen maƙwabci
rataye a bakin garma.
Ya ce shingen ne ya matso.
Ban tanka ba. Na tafi gari.

Na dawo da kwali:
fitilu huɗu, jar waya, baƙar waya,
fiyus, makunni, da rasit ɗin da na ɓoye masa.

A rumfar katako sanyi yana cizon yatsu.
Sifana mai lamba goma ta ɓace, halinta ne,
sai a aljihun rigarsa muka same ta.
Shi ya riƙe tocila.
Yana haska inda idonsa yake so,
ba inda hannuna yake ba.
Na buɗe baki, sai na tuna wata yarinya
mai shekara tara, a wannan rumfar,
tocila na rawa a hannunta,
ana daka mata tsawa: "Kerttu, haska nan!"
Na haɗiye maganar. Na matsar da hannuna
zuwa inda haskensa ya sauka.

Na ja waya daga batir,
na bi da ita ƙarƙashin kujera, na ɗaure tam,
na danna makunni.
Ɗas!
Duhu, da warin ƙonannen fiyus.
Dariyarsa ta fito da hayaƙin numfashi.
"Jar wayarki ta goga a ƙarfe, ki naɗe ta.
Baƙar kuma ba ta son fenti,
kankare mata wuri sai ya yi fari."
Bai ma duba ba.
Ido ya tafi, hannu bai manta hanya ba.

Karo na biyu rumfa ta zama tsakar rana.
Muka ga yanar gizo, muka ga tsatsa,
muka ga keken mahaifiyata a lungu,
shekara shida ba wanda ya taɓa.
Kowa ya kau da kai.

Biyu na gaba na sunkuyar da su ƙasa,
don farin ƙanƙara yana mayar wa ido mari.
Ɗaya a baya, saboda rami da shinge.
Ta huɗu na ɗaura can ƙololuwa,
a kan ƙarfen da ke bisa kansa.
Ya ɗaga gira. "Wannan me za ta haska?
Itatuwa ba su ce suna nema ba."
Na ce gyara ce mai kanti ya ba ni.

Ƙarfe biyar na asubar Talata
inji ya yi tari, ya kama.
Na tsaya a tagar kicin, kofi a hannu.
Ya wuce rijiya, ya wuce kwana,
daji ya haɗiye tarakta, ya haɗiye ƙara,
ya haɗiye fitilu uku.

Ta huɗu ta ƙi haɗiyuwa.
Ga ta can tsakanin rassa,
tana tafiya sannu, tana ɓuya, tana fitowa.

Muddin tana motsi,
rigar sanyina za ta zauna a kan ƙusarta,
takalmana kuwa suna bakin ƙofa,
bakinsu a buɗe.