Albasa Talatin da Shida

Asta ta dawo daga makaranta fuska a murtuke,
ta yar da jaka a bakin rumfata.
"Inna, an ce mu nemo duk lambar
da ke raba talatin da shida ba saura."

Ni ban taɓa riƙe alli ba.
Amma shekara sha tara ke nan
ina kasa albasa a kasuwar Marwa,
tun gashin kaina bai san furfura ba.

Na kwance bakin buhu, ta lambun Meskin,
na ƙirga mata talatin da shida kan tabarma.
Na ce, kasa bibbiyu. Ta kasa,
kashi sha takwas, ba wadda ta yi kwantai.
Uku-uku, sha biyu.
Hurhuɗu, tara.
Da ta zo kan biyar sai ɗaya ta gangara,
ta tsaya can gefe kamar baƙuwa a gidan suna.
Na ce, to, biyar ba 'yar gida ba ce,
sallame ta.

Shida-shida ta ba da shida.
Nan ta yi dariya har da tafi,
wai lamba ta ga kanta a madubi.
Daga nan ba sabon aiki, juyi ne kawai:
tara, sha biyu, sha takwas,
sai ɗai-ɗai, sai a tara duka wuri guda
irin na mai sari.

Na jefa ɗaya a kai, gyara.
Talatin da bakwai ta kafe.
Mun bi da biyu, mun bi da uku, har la'asar,
ta ƙi kowa sai ɗaya, sai kanta.
Asta ta ce, "Halin Gwaggo Dudu."
Na kai mata dundu, amma ban musa ba.

Saura ninki, in ji ta.
Na ce, wannan ai a gidanmu yake kwana.
Babanki, duk kwana shida
motarsa ke dawowa daga Garwa.
Kawunki Sanda, duk kwana huɗu
yake sauko da kifin Kuseri.
Yaushe nake ƙara hatsi a tukunya?

Ta lanƙwasa yatsu:
huɗu, takwas, sha biyu.
Shida, sha biyu.
Ta ɗago kai.
"Ranar da suke musu kan farashin mai
har tuwo ya huce."
Ashirin da huɗu ma haka, na ce,
in dai taya ba ta fashe a Figil ba.

Magariba ta sauka kan yashin Kaliyawo.
Tana rubutu, takardar na warin albasa,
ni ina mayar da kayana buhu.
Ta talatin da bakwai ɗin ban mayar ba,
ita na yanka a miyar dare.