Keken Lantana

Sha ɗaya na dare a Yalwa, Garwa ta yi tsit,
sai kwaɗin bakin Binuwai da ɗigon indararo.
Gobe ake komawa lakwal,
rigar Tasalla kuwa ta fi ta da taƙi guda.
Na ce mene ne a ciki?
Shekara sha huɗu ina kallon uwarta bisa keken nan.

Ashe mai kallo bai san nauyin taki ba.
Uku na taka, na huɗu ya ce ƙaƙas,
allura ta kafe kamar jakin da ya hango rafi.
Na juya bakin rigar:
sama sumul,
ƙasa sheƙar ɓera.

Na ja, ya ja.
Na zagi kwarkwaro, na zaro shi, na hure, na mayar,
na murɗa ɗan kusan gidansa da tsinin wuƙa,
har na kai hannu ga kwalbar man gyaɗa
sai murya daga kan tabarma:
Baba, Inna ta hana.

Sefa ɗari biyu ya rage a wayata.
Lantana na Gaundere, kwana ashirin da ɗaya,
a gindin gadon asibiti tana jinyar tsohuwarta.
Ta ɗauka da raɗa. Ban ko gama sallama ba
ta ce, wa ya taɓa mini keke?

Kada ka ja, in ji ta.
Abin da ya ƙulle ba ya jin ƙarfi.
Ɗauko reza, yanke ta ƙasa, zare ɗaya ɗaya,
rigar ba ta yi maka laifi ba.
Zame ƙarfen nan mai santsi.
Me ka gani?
Na ce ƙurar auduga, ta yi kauri kamar gemun bunsuru.
Akwai gashin zabo a gwangwanin maɓallai, share da shi.
Mai ɗigo ɗaya. Ɗaya na ce, Sali.

Sannan ta ce in ɗora wayar a kan katako,
in juya gargaren wajen ƙirjina a hankali.
Ta yi shiru tana sauraro
daga nisan wuni guda a mota,
yadda likita ke kasa kunne a bayan yaro.

Ba kwarkwaro ba ne.
Kowa shi yake zargi don shi ke ɓoye a duhu.
In ƙasa ta cukurkuɗe, duba sama.
Ka zura zare ƙafar keke na ƙasa, ko?
Ɗaga ta, faifan su buɗe baki su karɓa.
Ɗan ƙarfen nan mai gyaɗa kai kamar ƙadangare,
ka bi ta hancinsa?

Ban bi ba.

Na ji dariyarta, ƙarama, ta toshe da mayafi,
a bayanta tsohuwa na tari.
Na buɗe baki zan tambayi jikin,
ta ce, riƙe wutsiyar zaren biyu da yatsa kafin ka taka,
gwada a tsumma tukuna,
kuma allurar nan in ta lanƙwashe…

Kuɗin suka ƙare.

Na zauna da waya mai ɗumi a tafin hannu.
Na zare komai, na sake bi daga tushe,
ƙofa ƙofa, ban tsallake gidan kowa ba.
Na taka.
Cakat, cakat, cakat.
Muryar ɗakin nan ke nan da ta yi sati uku ba ta nan.
Tasalla ta juya cikin barci ta ce, Inna?

Ɗinkin ya karkace kamar hanyar Pitowa da damina,
amma ya kama.
Na rufe keken da zanen da take rufe shi,
na bar kusan da na murɗa yadda yake.
In ta dawo za ta gane.
Gara ta samu abin faɗa.