Aji Uku a Saman Gidan Burodi

Ɗakin da nake koyarwa yana kan tudu a Valparaiso,
daga taga ana hango jiragen ruwa
sun yi cirko-cirko kamar jimlolin da aka fara aka manta.
Allo ɗaya gare ni, ɗalibai uku,
kowa da inda Turanci ke yi masa ciwo.

Da safe Eliseo, mai tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jirgi.
Fensir kan ɓace a cikin tafin hannunsa.
Wata biyu muna kan aikatau guda:
ni ne, kai ne, ita ce.
Ya ce, Malama Ximena, wannan yare marowaci ne.
Mu a bakinmu zama iri biyu ne,
akwai abin da kake har ka mutu,
akwai abin da kake yau kawai,
su kuwa sun ɗura duka a buhu ɗaya.
Na ce, to ai kaya ya ragu.
Ya ce, ni ba a burge ni da ragin kaya.

Da rana Fresia, tana ƙamshin soyayyen kifi.
Ta wuce gaisuwa, ta wuce ciniki,
ta zo bakin rijiyar abin da ya shuɗe.
Na ce mata, liƙa wa aikatau wutsiya, sai ya koma jiya.
Ta yi ta liƙawa, har da waɗanda ba su nema ba.
Mako na gaba na kawo mata 'yan tawaye,
masu sauya kama ba sallama, sun fi ɗari.
Ta ajiye biro.
Ashe ƙarya kika yi mini?
Na ce, rabin gaskiya ce,
ba a ba jariri ƙashi ya tauna.
Ta ce, ni shekarata arba'in da bakwai.

Da yamma Don Aurelio, tsohon akawun kotu,
wanda ke gyara mini waƙafi a kan allona.
Ya san ƙa'idar da ni sai na duba littafi.
Jimlar sharaɗi yake so, mai "da a ce",
ya rubuta ta tsaf, babu inda jan biro zai sauka:
Da na bi 'yata lokacin da ta ƙaura,
da jikana ya san muryata.
Yaron yana Kanada, Turanci kaɗai yake ji.
In an haɗa su a waya
tsohon na can yana jera kalmomi a kai,
yana auna wace ke gaba, wace ke baya,
kafin ya buɗe baki yaro ya koma wasansa.

Ranar wata Alhamis ruwa ya tsuge tun asuba,
lokuta suka cakuɗe, duka ukun suka haɗu a ɗaki.
Wayar tsoho ta yi ƙara.
Ya dubi fuskar yaron, leɓensa na motsi, shiru.
Sai Eliseo ya miƙa wannan ƙaton hannu ya karɓa,
ya ce da Turancinsa mai ɗingishi:
Kaka nan. Kaka so kai. Kai zo.

Kuskure uku na ƙirga, ko huɗu.
Jan birona yana aljihu, na bar shi ya kwana can.
Yaron ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce yaushe?
Don Aurelio ya fizge wayar
ya saki jimla ba kai ba gindi,
ta farko a rayuwarsa da bai yi wa awo ba.
Fresia na gefe tana raɗa masa aikatau,
duk da wutsiyar da ba tasu ba.

Washegari Eliseo ya riga ni zuwa,
yana zaune kan matakala da burodi mai zafi.
Ya ce, jiya akwai abin da na bari a ƙasa, ko?
Na ce, akwai.
Ya ce, nuna mini inda ake maƙala shi.