'Yar Mai Faci a Duluth

Ƙarfe biyar na asuba, Duluth ba ta farka ba.
Tafkin nan mai kama da teku yana huci a gindin gari,
ni kuwa ina tsugune gaban tayar hagu,
ma'aunin iska a hannu, safar hannu a haƙora.
Jiya talatin da biyar. Yau talatin da ɗaya.
Ba ƙusa, ba ƙaya.
Sanyi ne ya kurɓa, ya bar mini saura.

Babana Magaji faci yake yi a bakin tashar Funtuwa.
Yakan ƙwanƙwasa taya da sifana, ya kasa kunne
kamar mai zaɓen kankana.
"Taya ba ta ƙarya, Lantana," in ji shi, "direba ne ke yi."
Ina 'yar shekara tara nake riƙe masa tub cikin ruwa,
ina neman inda kumfa zai tona asirin huji.
Ban san karatu nake ba.

Shekarar farko a nan, na manta duka.
Na gangaro Titin Lake da tayoyi masu sanƙo,
fitila ta yi ja, na danne birki iya ƙarfina,
motar ta ce ba ta san zancen ba.
Ta juya da ni sannu, sannu, kamar faifai a hannun mai tankaɗe,
na ga coci, na ga tafki, na sake ganin coci,
salatin da na fara ban iya ƙarasa shi ba
sai da tudun ƙanƙara ya tare ni.

Tsoho Arvid Niemi, bakaniken unguwarmu, bai yi faɗa ba.
Kwabo ya ciro, ya cusa a zanen taya,
kan mutumin da ke jiki ya fito tsaf, har gashinsa.
Ya girgiza nasa kan.
"Huɗu za ki saya, na sanyi. Ba biyu ba."
Na lissafa albashin asibiti, na haɗiye yawu,
na saya.

Sauran a filin ajiye motoci ya koya mini, ran Lahadi:
ki taɓa totur kamar kina taka ƙwai,
in bayanta ya zame, dubi inda kike son zuwa,
kar ki dubi abin da kike tsoro.
Gada tana daskarewa kafin hanya.
Kwaltar da ta yi baƙi tana sheƙi ba jiƙewa ta yi ba,
tarko ne.
Kada ki watsa wa gilashi ruwan zafi, zai tsage.
Batir ya tsufa, canja shi tun bai kunyata ki ba.

Yanzu a but ɗina akwai shebur, bargo, buhun yashi,
tocila, da dabinon da ya daskare ya koma tsakuwa.
Tanki ba ya sauka ƙasa da rabi.
In na maƙale, na san in fara tone bakin salansa,
don hayaƙi ba ya sallama kafin ya shigo.

Ran Juma'a Baba ya turo saƙon murya,
injin iskarsa na tari a bayansa:
"Wai ƙanƙarar taku tana fasa taya?"
Na ce a'a, iska take sata da daddare.
Ya yi dariya har da shaƙewa.
"To ɓarauniya ce, ba 'yar fashi ba. Ki riƙa ƙirga kayanki."

Na ƙirga. Na cika huɗun, na leƙa safayar.
Na kankare gilashi duka, ba 'yar taga ba,
na share rufin don na bayana.
Motar gishiri ta wuce tana walƙiya, na bi sawunta daga nesa.
Wani mai akori-kura ya matsa mini oda, ya wuce a fusace.
Je ka, ɗan'uwa.
Marasa lafiya na jirana a hawa na huɗu,
kuma da ƙafata nake son shiga, ta ƙofar ma'aikata.